Yadda Ake Bin Sawun Kalma Har Gidansu

Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, uwargida ta aike ni cefane da ƴar takarda a hannu: albasa, sukari, shayi, sabuni, ashana. Ina tsaye gaban mai tebur yana ƙirgo mini canji dala-dala, sai na sake duba takardar, na ga babu kalma ko ɗaya a cikinta da aka yanke wa cibi a ƙasar Hausa. Albasar a Galmi aka noma ta, amma sunanta daga Larabci ya zo, *al-basal*. Sukari daga Indiya ya taso, inda ake ce masa *sharkara* a tsohon harshen Sanskirit, ya bi ta Farisa, Larabawa suka ce *sukkar*, suka miƙo mana. Shayi ɗan ƙasar Sin ne. Ashana ta Yarbawa ce. Ita kanta takardar, da dalar, da teburin, da kasuwar, da Lahadin, kowace da ayarin da ya kawo ta.

Faɗin haka a fada, ana jiran shayi ya nuna, ba wuya. Wuyar tana ga tabbatarwa. Wannan jagora na ɗalibin da zai rubuta memwar ne, wato kundin binciken kammala karatu, a jami'ar Tawa ko ta Yamai, da malamin lakwal mai son sanin abin da yake koyarwa, da duk wanda ya gaji da gardamar "wallahi daga Larabci ne" wadda ba hujja a bayanta. Aikin irin na mai bin sawun raƙumin da ya ɓata ne. Ba ya cewa ga raƙumina don ya hango wani mai irin launinsa. Sawu yake bi, taki bayan taki, har ya kai inda dabbar ta kwana.

Mataki na farko: rage buri

Kada ka ce za ka binciki kalmomin aro a Hausa gaba ɗaya. Shekarunka ba za su isa ba. Zaɓi fage ɗaya ka tara kalmomi talatin zuwa hamsin: kayan raƙumi, dukanci, kaɗi da saƙa, sunayen kuɗi, sarautu, kayan girki, kayan garajin mota. Dalili shi ne kalmomin aro ba su cika tafiya su kaɗai ba, ayari suke yi. In ka ga ciroma daga Barno ta zo, duba gefenta za ka ga galadima da yarima da kacalla. In ka ga kawu ta Fulani ce, ga gwaggo da baffa a bayanta. Kalma ɗaya ba ta da shaida, amma goma da suka biyo hanya ɗaya suna yi wa juna shaida.

Kowace kalma ka ba ta katinta, na kwali ko layi guda a kwamfuta. A kai za ka riƙa ƙara duk abin da ka samo.

Mataki na biyu: rubuta kalmar yadda ake faɗinta

Nan ne mafi yawan bincike yake lalacewa tun bai tashi ba. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka kuka ta miya da kuka na hawaye, haka wuya ta jiki da wuya ta wahala. Mai karatu yana rarrabewa daga zancen, amma mai bincike in bai sa alama ba zai haɗa kalmomi biyu da ba dangin iya ba na baba, ya nema musu uba ɗaya. Saboda haka ka naɗi murya da wayarka, bayan ka nemi izini, sa'an nan ka zauna ka saurara ka sa alamar dogon wasali da ta hawa da saukar murya.

Kada ka sa wa mutum kalma a baki. Nuna masa abin, ka tambayi sunansa. Tambayi jam'insa, tambayi ko mace ne ko namiji, tambayi yadda kakanninsa ke faɗi. Kuma in ka rubuta, karanta masa. Wata tsohuwa mai kaɗi a wani ƙauye kusa da Illela ita ta koya mini wannan. Tana zaune kan tabarma, mazari na juyawa cikin ƴar tasa, yatsunta fari fat da alli. Na nuna abin da ke hannunta na hagu na ce, "Inna, wanga fa?" Ta faɗa, na rubuta, na karanta mata: auduga. Ta tsai da mazarin ta dube ni. "Ɗan nan, wagga maganak Kanawa ta. Abduga nic ce." Hannuna ya rubuta abin da lakwal ta saba masa, kunnena kuwa bai ko tsaya ya ji ba.

Gyaran da ta yi mini ba ƙarami ba ne, don abduga ta girmi auduga. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna a wajajen 1928 cewa baƙaƙen da ke rufe gaɓa a Hausa sun yi laushi bisa ƙa'ida. *K* da *g* sun koma *u*: shi ya sa muke da talaka amma talauci. *T* da *d* sun koma *r*: farke tilo, fatake jam'i, inda tsohuwar *t* ta ɓuya. *B* da *m* su ma sun koma *u*, amma wannan na ƙarshe a gabas ya tsaya, bai ƙetaro yamma ba. Bakano ya ce sauro, zauna, aure. Ba'adare ya ce sabro, zamna, amre. Bakano ya ce biyar, mu ce biyat. Ya ce sabulu, mu ce sabuni, wadda ta fi kusa da *sabun* ta Larabci. Ma'ana, abin da mai bincike a wani wuri zai sha wahalar ƙirƙirowa da lissafi, kai kana jinsa a bakin kakarka kullum safe. Na sha ganin ɗalibanmu suna jin kunyar Adaranci a rubutu, suna goge shi su maye da Kananci, alhali shi ne jarin da suke da shi wanda wasu ba su da. Bernard Caron ya wallafa littafi sukutum kan Hausar Adar a 1991. Nemi shi tun da wuri.

Mutum ɗaya bai isa ba. Nemi aƙalla uku daga garuruwa daban-daban, misali Ƙonni da Keita da Madawa, kuma kada ka tsallake mata. Kalmomin girki, haihuwa, kitso da kaɗi a wajensu suke.

Mataki na uku: tono tsofaffin rubuce-rubuce

Yanzu tambayar ita ce, yaushe aka fara ganin kalmar a rubuce, kuma da wace ma'ana? Fara da ƙamus ɗin Bargery na 1934. Yana da kalmomi kusan 39,000, yana nuna wadda ta Sakkwato ce ko ta Katsina ko ta Gobir, kuma an sa shi a intanet ana bincika shi kyauta. Bi shi da na Abraham na 1949, da na Abdu Mijinguini na Hausa zuwa Faransanci wanda aka buga a Yamai, don shi ne ya kula da Hausar wannan ɓangaren, sai na Paul Newman na 2007. Daga nan ka ja da baya. Sigismund Koelle ya tara kalmomin harsunan Afirka masu yawa a Firitawun ta ƙasar Saliyo daga bakin ƴantattun bayi, ya wallafa a 1854, har da Hausa a ciki. James Schön ya fitar da nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, kuma babban wanda ya ba shi Hausar shi ne Dorugu, yaron da ya fito daga yankin Damagaram ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth har Ingila. Ke nan kaso mai yawa na tsohuwar Hausar da Turai ta fara karantawa daga bakin ɗan ƙasar nan ya fito.

Amfanin wannan a fili yake. Faransawa ba su kafa mulki a nan ba sai farkon ƙarni na 20. In ka tarar da kalma a littafin 1854 ko na 1876, to maganar cewa sojan Faransa ne suka kawo ta ta faɗi. Sai dai ka tuna ranar da aka fara rubuta kalma ba ita ce ranar haihuwarta ba. Ta yiwu ta yi shekara ɗari biyar a baki kafin alƙalami ya taɓa ta.

Karanta tsofaffin nan da hattara. Schön bai rarrabe *k* da *ƙ* ba, ko *d* da *ɗ*. Faransawa kuma da kunnensu da haruffansu suka rubuta: Tawa ta zama Tahoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Wanda bai san wannan ba zai gina bayani a kan *h* ɗin da ba wanda ya taɓa furtawa.

Akwai kuma ajami. A Yamai, cibiyar bincike ta jami'a da ake kira IRSH tana da sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, dubbai, waɗanda Bubu Hama ya fara tarawa. CELHTO kuma, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka wadda aka kafa a 1968, tana da naɗaɗɗun muryoyin maroƙa da masana tarihin baka. Waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu da ƴarsa Nana Asma'u suna nuna kalmomin Larabci da suka riga suka zauna a Hausa a farkon ƙarni na 19. Tafi da wanda ya iya karatun warash in kai ba ka iya ba.

Mataki na huɗu: gado ne ko aro?

Bari in ba da labarin kaina. A memwar ɗina na farko na jera kalmomin da na ce Hausa ta aro daga Larabci, na sa mutu a ciki, don na ga Larabawa suna cewa *mata*, *yamutu*, *maut*. Ranar da na tsaya kare aikin, ɗaya daga cikin malaman ya cire tabarau, ya aje jan bik ɗinsa, ya ce, "Malam, kafin Larabawa su iso, Hausawa ba su mutuwa ne?" Ɗakin ya fashe da dariya. Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Gaskiyarsa. Hausa tana cikin harsunan Cadi, su fiye da ɗari, a Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi, irin su Bole da Angas da Bade da Ngizim. Su kuma reshe ne na babban gidan da Joseph Greenberg ya kira Afro-Asiya, tare da Larabci da Ibrananci da tsohon harshen Masar da Tamajak, harshen Abzinawa, da sauran harsunan Barbar na arewacin Afirka. (Kada ka rikita Barbar ɗin nan da Barebari. Kanuri ba ta cikin wannan gida ko kusa.) Mutu gadon gida ce: tana nan a harsunan Cadi da ba su taɓa hulɗa da Larabawa ba, tana nan a rubutun Fir'aunoni *mwt*, tana nan a Tamajak. Haka suna da *ism*. Haka halshe, yadda muke faɗi a nan, da *lisan* na Larabci da *iles* na Abzinawa. Haka huɗu da *fdw* ta tsohuwar Masar. Haka *-ka* da *-ki* da *-ku* na gidanka, gidanki, gidanku, waɗanda duk almajiri ya san takwarorinsu a Larabci. Ba wanda ya ara wa wani, kaka ɗaya suka gada.

Hanyar rarrabewa ita ce ka duba ƴan'uwan Hausa na kusa. In kalmar tana cikinsu, da sauye-sauyen sauti irin na gida, gado ce. In Hausa kaɗai ke da ita, kuma ta yi kama da ta maƙwabci ƙwarai da gaske, to aro ce. Kamar da ta yi yawa ita ce ma alamar aro, don ƴan'uwan da suka rabu shekaru dubbai ba su zama kamar an tsaga kara. Ƙamus ɗin kwatance na Neil Skinner na 1996 zai taimaka a nan, ko da yake ya tara zato da yawa tare da tabbas, sai ka tace. Ka kuma lura da irin kalmar. Sassan jiki, ci, sha, mutuwa, ƙananan lambobi, da wuya a are su. Kayan kasuwa, addini, mulki, manyan lambobi, su ne ƴan tafiya. Ɗaya zuwa goma namu ne, ashirin zuwa casa'in na Larabci.

A wani babban aiki da Martin Haspelmath da Uri Tadmor suka jagoranta, aka wallafa a 2009, an auna harsuna 41 da jerin ma'anoni 1460 iri ɗaya. Ari Awagana da Ekkehard Wolff ne suka yi ɓangaren Hausa. Kalmomin aro a Hausa sun kama kusan kashi 22 cikin ɗari, na Ingilishi kashi 41. Mai cewa Hausa duk aro ce ya fara da can.

Mataki na biyar: nemi ƙa'idar sauti

Wannan shi ne zuciyar aikin. Kama da wane ba ta wane. Faransanci na da *sa* mai nufin nasa, mu ma muna da *-sa* a gidansa, kuma ba abin da ya haɗa su sai katari. Baba da mama suna ko'ina a duniya don su ne sautin da leɓen jariri ke fara iyawa. A cikin dubban kalmomin kowaɗanne harsuna biyu, dole a samu ƴan ƙalilan da suka yi kama ba dalili. Abin da ke zama hujja shi ne sauyi mai maimaita kansa.

Ɗauki littafi. Da ganin farko ba ta yi kama da *kitab* ba sosai. Amma jera ta da ƴan'uwanta. *Al-kitab* littafi, *al-hisab* lissafi, *al-aib* laifi, *al-jaib* aljifu ko aljihu. Sau huɗu *b* ta ƙarshe ta koma *f*. Sau uku *al-* ta rage *l* kawai ta manne, kamar yadda ta yi a liman da lahira da lafiya da labari da Laraba. Yanzu ba zato kake ba, ƙa'ida ka kama. Greenberg ya yi wannan aiki a 1947, ya nuna cewa irin waɗannan tsofaffin shiga ne, daga Larabcin baka na fatake, ba daga littattafan malamai ba. Daga baya malamai suka sake aro wasu daga cikinsu kai tsaye daga rubutu, sai muka samu tagwaye: laifi da aibu, lissafi da hisabi, laya da aya. Uwa ɗaya, zamani biyu, ma'ana ta ɗan rabu. Lissafi na kasuwa, hisabi na ranar gobe.

Ga wata ƙa'idar. Harafin da Larabawa ke kira *dad*, malamanmu na da *l* suke furta shi, har suna kiransa lodi. Shi ya sa *al-ƙadi* ya zama alƙali, *al-wudu* alwala, *farida* farilla, *darura* larura, *Ramadan* Ramalan. Abin sha'awa, Sifaniyawa ma da suka ari kalmar alƙali sun sa mata *l*, suna kiran magajin gari *alcalde*. Sai lokaci, daga *al-waƙt*. Ina *c* ta fito? Daga dokar gida: *t* in ta gamu da *i* ko *e* takan koma *c*, kamar mota da motoci, sata da sace. Jam'in, lokuta, ya maido da *t* ɗin. Shi ya sa na ce kada ka bar mai ba ka kalma bai faɗi jam'inta ba.

Halin bakin Bahaushe bai canza ba da Faransawa suka zo. Yadda kakanni suka haɗiye *al-* tare da kalma, haka jikoki suka haɗiye *l'* ta Faransanci: *l'école* ta zama lakwal, *l'impôt* lanho. A lanho ma ga *p* ta koma *h*, irin ta mutanen yamma masu cewa tahi da littahi. Shekaru ɗaruruwa tsakani, dabara ɗaya.

A aikace, ga abin yi. Buɗe shafi, ka raba shi gida biyu, harshen da kake zato a hagu, Hausa a dama. Kowane baƙi da kowane wasali na kalmarka sai ka faɗi inda ya fito. Wanda ya sauya, kawo wasu kalmomi biyu ko uku da suka yi irin sauyin. In akwai harafin da ka kasa bayaninsa, kada ka share shi da "a hankali ya canza". Rubuta a katin cewa ga inda sawu ya yanke.

Mataki na shida: wa ya ba wa, ta wace hanya?

In harsuna biyu suna da kalma ɗaya kuma aro ce, saura sanin mai bayarwa. Babbar dabara: harshen da kalmar ke warwaruwa a cikinsa, shi ne gidansu. Ashana ba ta rabuwa a Hausa. A Yarbanci kuwa *ishana* tana rabuwa: *sha* ƙyastawa, *ina* wuta. Magana ta ƙare. Takobi da takarda suna farawa da *ta-* wadda ba ta da aiki a Hausa, amma a Tamajak *t-* ita ce alamar mace a farkon suna: *takoba*, *takarde*. Claude Gouffé ya yi rubutu kan cuɗanyar Hausa da Tamajak a 1974, Maarten Kossmann kuma ya fitar da littafi a 2005 kan kalmomin Barbar a Hausa, har da raƙumi, wanda ya fito daga *algham*. Daga wajenmu kuma Yarbawa suka karɓa suka ce *rakunmi*. Mu ma masu bayarwa ne: *alubosa* da *alafia* da *wahala* na Yarbanci ta hannun Hausawa suka bi.

Asali na can nesa daban, wanda ya miƙo maka daban. Kasuwa daga *suƙ* ta Larabci take, amma *ka-* ɗin fa? A 1960 Greenberg ya nuna cewa ɗafa-goshin Kanuri ne, wato gaɓar da ake liƙawa a farkon kalma, suna cewa *kasugu*. Ta wannan hanya ya nuna karatu da rubutu da birni su ma ta Barno suka shigo, abin da ke nufin Barebari sun taka babbar rawa wajen kawo ilimin allo ƙasar Hausa. Dubi yadda gaɓa ɗaya ta buɗe babin tarihi. Wanda ya rubuta "kasuwa: Larabci" ya tsaya nan bai yi ƙarya ba, amma ya tsallake zangon da ya fi daɗin labari.

Don wannan mataki kana bukatar ƙamus na maƙwabta: na Tamajak na Ghoubeïd Alojaly na 1980 da wanda aka faɗaɗa tare da Karl Prasse a 2003, na Kanuri na Cyffer da Hutchison na 1990, na Zabarmanci na Bernard da White-Kaba na 1994, da na Sergio Baldi na 2008 kan kalmomin Larabci a harsunan Afirka ta Yamma. Amma a Tawa kana da abin da ya fi ƙamus. Ranar kasuwa ga mutanen Abalak da Cintabaradan, ga Fulani, ga Larabawan Tasara, ga Zabarmawa ma'aikata. Sayi goro ka zauna. Shi kansa goron darasi ne: Zabarmawa da Fulani *goro* suke cewa, Bambara *woro*. Irin wannan kalma mai yawo, wadda ta bi hanyar fatauci ta shiga harsuna da yawa, taswira ake zana mata a sa yadda kowane gari ke faɗi, sa'an nan a duba ta ina itacen yake tsirowa.

Mataki na bakwai: ma'ana, da labaran da ake ƙagawa

Sauti ya daidaita, saura ma'ana ta yarda, tarihi kuma ya ba da hanya. Ma'ana tana tafiya, amma da dalili. *Fatila* a Larabci lagwani ce, a wajenmu ta zama fitilar gaba ɗaya, har ta mota. Masara daga nahiyar Amurka take, amma sunanta na Masar ne, don ta wannan fuska ta iso mana. *Nasara* Kiristoci ne, a nan anasara ya zama duk farar fatar Turai. Dala ana mayar da ita ga *taler*, kuɗin azurfa da aka fara bugawa wajajen 1520 a kwarin Joachimsthal na ƙasar Cek ta yau, sunan da ya haifi dalar Amurka, ga shi a kasuwar Tawa ya tsaya kan tamma biyar. Ita kanta kalmar ƙamus teku take nufi, Larabawa suka aro daga *okeanos* ta Girkanci. Firuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, ya sa wa littafinsa na kalmomi suna *al-Ƙamus al-Muhit*, teku mai kewayewa, littafin ya shahara har sunansa ya zama sunan duk irinsa.

Sai labaran fada. Za a ce maka Hausa daga "hau sa" take, wai wani ya zo bisa sa. Daɗin ji gare shi, amma kusan kowane suna ana iya fasa shi haka a ɗinka masa labari. Skinner ya kawo wata shawara a 1968: a Sonrai da Zabarmanci *hausa* ita ce gaɓar kogin Kwara ta hagu, kishiyar *gurma*. Wannan aƙalla tana da kalma ta gaske da wuri na gaske a bayanta, ko da yake masana ba su haɗu a kanta ba. Irin labarin "hau sa" kada ka yar da shi. Rubuta shi, da wanda ya faɗa da inda ya faɗa, a matsayin abin da mutane suka yi imani da shi, a shafi daban da na hujja.

Masu digiri ma suna faɗawa wannan rami. Shekara da shekaru ana kwafa daga littafi zuwa littafi cewa boko daga *book* ta Ingilishi take. Newman ya rushe wannan a 2013. Ta fuskar sauti, wasalin kalmar Ingilishin *u* zai bayar a Hausa, ba *o* ba. Ta fuskar ma'ana, boko tsohuwar kalmar gida ce mai nufin algus da yaudara, tana cikin Bargery da wannan ma'ana, ga kuma amaryar boko, wadda a da ake ɗorawa bisa doki don idon jama'a alhali ta gaskiyar an riga an wuce da ita. Iyayenmu da suka ce karatun boko sun san abin da suke faɗi. Saboda haka in ka ga asalin kalma a littafi, ko a Facebook, ko a bakin na'urar da ake tambaya ta amsa, tambayi hujjar sauti kafin ka kwafa.

Mataki na takwas: rubutawa

Kowace kalma ka ba ta daraja ɗaya cikin uku: tabbas, mai ƙarfi, ko zato. Siffar da ba a taɓa ji ko gani a rubuce ba, kai ne ka ƙiyasta ta, sa mata tauraro a gaba, haka masana ke yi. Faɗi wanda ya riga ka kawo bayanin, da shekara. Waɗanda suka ba ka kalmomi ka rubuta garinsu da sana'arsu da kimanin shekarunsu, suna kuwa sai da yardarsu. Ajiye muryoyin wuri biyu, don waya tana faɗawa rijiya.

Ga yadda kati ɗaya zai kasance in ya cika. Takarda, mace, jam'i takardu. Mai miƙowa: Tamajak, *takarde*. Hujja: *ta-* alamar mace ce a can, ba ta da aiki a Hausa. Asali na nesa: *charta* ta Latin, daga *khartes* ta Girkanci, ganyen papirus da ake rubutu a kai. Hanya: arewacin Afirka zamanin Rumawa, Barbar, Sahara, Abzin. Wanda ya yi bayani: Kossmann, 2005. Daraja: tabbas. A ƙasa, wajen ƴan'uwa, sai ka ƙara kati, shi wannan da kake rubutu a kansa. Daga *card* ta Ingilishi yake, ita kuma daga *carte* ta Faransanci, ita kuma daga *charta* ɗin nan dai. Kalmar sau biyu ta zo mana, da fari bisa raƙumi, daga baya cikin jirgin ruwa.